A Ina Ya Kamata Safaya Ta Zauna a Motar Shiga Daji?

Duk wanda ya sayi Hilux ko Land Cruiser ko Pajero don shiga daji, ba don hawa kwalta kawai ba, ba zai daɗe ba sai maganar safaya, wato tayar ajiya, ta taso masa. Gaskiya ne kamfani ya riga ya ba ta mazauni. Amma kamfani ya zaɓi wurin ne bisa girman tayar da ya sa wa motar tun daga masana'anta, kuma bisa tunanin cewa yawancin masu saye a cikin gari za su ƙare yawonsu. Da zarar ka ƙara girman taya, ko ka fara bin hanyoyin da damina ke cinyewa, ko ka ga safaya ɗaya ba za ta ishe ka ba, to lissafin ya canza.

Ni da abu biyu nake auna kowane wuri. Na farko, ranar da taya ta fashe a mummunan wuri, hannunka zai iya kaiwa ga safayar ka ɗauko ta? Na biyu, sauran kwanakin da babu abin da ya fashe, me nauyinta yake yi wa motar? Wurin da ya ci jarrabawar farko sau da yawa shi ne yake faɗuwa a ta biyu, shi ya sa zaɓin ke da wuya.

A kan kwalta ƙusa ce ke shiga tsakiyar zanen taya, iska ta riƙa fita a hankali har ka lallaɓa zuwa wurin mai faci. A daji ba haka ba ne. Kututturen dawa da aka sare bayan girbi ne zai tsage ta a kuiɓi, ko ƙayar aduwa, ko dutse mai kaifi a gangaren kwazazzabo, kuma galibi a lokacin motar a karkace take, ko bayanta na cikin taɓo. Sannan safayar ba ƙaramin kaya ba ce. Tayar Hilux mai lamba 265/65R17 haɗe da rim ɗinta tana kai kilo 30 ko kusa da haka. Babbar taya mai kauri irin 285/75R16 a kan rim na ƙarfe tana kusantar kilo 40.

Mu fara da ƙarƙashin mota, domin a nan ne yawancinmu muka tarar da ita. Haka Hilux take zuwa, haka L200 da Ranger da D-Max, haka kuma manyan Land Cruiser irin 80 da 100 da 200. Ta fuskar nauyi babu wurin da ya kai nan. Tayar tana ƙasa ƙwarai, kusa da aksil na baya, a manne da shasi, don haka ba ta sa mota rangaji a kwana, ba ta cin wurin kaya, ba ta tare maka madubi, rana ba ta gasa ta. In kaya ne cike da bayan motar, ba sai ka sauke ko buhu ɗaya ba kafin ka ciro ta. Mutumin da kashi tara cikin goma na tafiyarsa kwalta ce da burji, ba shi da dalilin taɓa wannan tsari.

Matsalar tana ga yadda ake sauko da ita. Za ka haɗa sandunan ƙarfen nan da ke bayan kujera, ka zura ta wani ɗan rami da ke saman bamba kusa da lamba, ka yi ta lalube a duhu har bakin sandar ya faɗa gurbinsa, sannan ka yi ta juyawa sarƙa tana saukowa. Tayar ta taɓa ƙasa, sai ka ƙara sakin sarƙar, ka durƙusa ka jawo ta waje, ka karkata farantin da ke riƙe da ita ka fitar da shi ta ramin tsakiyar rim. Duk wannan yana bukatar fili tsakanin cikin motar da ƙasa. To idan tayar baya ce ta fashe, motar ta riga ta zauna da kusan tsawon tafin hannu. Idan kuma a cikin rairayi ne, irin na Tulo-Tulo a Yusufari ko na gabashin Agadez, ko a taɓon fadama a watan Agusta, safayar ita ce abu na farko da ke kwanciya a ƙasa. Sai ka haƙa rami da shebur, ko ka ɗaga motar da jak, kafin ma ka fara aikin canza taya.

Akwai kuma lahanin da ba a gani. Wajen fita daga kwari mai tsayin gaɓa, bayan mota yakan daki ƙasa, kuma safayar ce ke karɓar dukan. Direbobi da yawa sun sauko da ita a ranar bukata sun tarar dutse ya riga ya yanke ta, ko babu iska a ciki, domin abin da ido ba ya gani ba a tuna shi. Sarƙar ma laka na shiga, ta bushe, tsatsa ta kama, ranar da ka zo juyawa ta ƙi motsi. Maganin wannan mai sauƙi ne amma mutane ƙalilan ke yi: duk bayan wata biyu ko uku a sauko da ita, a wanke, a shafa wa sarƙar giris, a auna iska, a mayar a ɗaure tamau yadda ba za ta yi girgiza ba. A cikin gari kuma ɓarayi sun san wannan wuri sarai, don haka a ƙara mata sarƙa da kwaɗo, a naɗe kwaɗon da roba kada ƙasa ta toshe ramin mabuɗi. Sai batun girma: gurbin yana tsakanin ƙarafan shasi da bututun salansa, ba ya faɗaɗa. Taya ta ɗan fi ta kamfani girma za ta iya shiga, amma babba sosai ko dai ta ƙi shiga, ko ta matsa kusa da salansa zafi ya riƙa cin robar.

Rataye ta a gambun baya shi ne kishiyar wannan. Land Cruiser 76 da 78, wadda ƙungiyoyin agaji da asibitocin karkara ke yawan amfani da ita, haka take zuwa. Haka Nissan Patrol Y61, da Pajero, da Jimny, da Jeep Wrangler, da wasu nau'o'in Prado. Ko motar ta nutse har shasi, safayar na tsaye daidai ƙirjinka, noti uku kawai za ka kwance. Kullum kana ganinta, za ka iya auna iskarta a tsaye cikin minti ɗaya, kuma bayan motar ya samu sararin hawa da sauka. Akwai wata riba da masu doguwar tafiya suka fi kowa sani. A Prado 150 da aka sayar a wasu ƙasashe, mai safaya a gambu tana da tankin mai biyu da suka haɗa lita 150, domin gurbin da taya za ta zauna a ƙasa an sa ƙaramin tanki a ciki. Wadda aka mayar wa safayar ƙarƙashi kuwa lita 87 kawai take ɗauka. Ga mai ratsa inda gidan mai ke da nisa, wannan bambanci kaɗai ya isa ya yanke hukunci.

Abin da gambu ke tsoro shi ne gargada. An yi hinjinsa da ƙarfen jikinsa ne daidai nauyin tayar kamfani. Ka ɗora masa wadda ta fi ta da kilo goma, ka bi hanyar burji mai ƙunya-ƙunya na tsawon watanni, sai gambun ya fara sauka, ya riƙa gugar ƙasa wajen rufewa, ƙarfen da ke kewaye da mariƙin ya tsage, robar bakin ƙofa ta daina kamawa, ƙura ta cika motar. Abin ya fi muni idan an sa ƙarfen ƙari don tura tayar baya saboda ta yi faɗi, domin duk nisan da ta ƙara daga jikin gambu, ƙarfin fizgarta yana ƙaruwa. Duba 'yan robobin nan da ke jikin gambun a bayan tayar. Dole su kasance suna danne da ita. In akwai tazara tsakaninsu, tayar na kaɗawa ne a kan notuna kaɗai, kuma tsagewa na nan tafe. A wuri mai gangara ko ranar iska mai ƙarfi, a riƙe gambun da hannu biyu wajen buɗewa, kada nauyin tayar ya fizge shi ya karya maƙalinsa ko ya bugi yaro. Rana kuma tana busar da robar da ke waje kullum, don haka a sa mata riga.

Daga nan ne mutane ke komawa ga bamba ta ƙarfe mai hannu, wadda ake ɗaure ta a shasi, tayar na kan wani hannu mai lilo da ake buɗewa gefe kafin a buɗe but. Wannan ya haɗa sauƙin ɗauka irin na gambu ba tare da wahalar da jikin mota ba, kuma wasu na da hannu biyu, ɗaya na safaya ta biyu ko jarkar mai. Ga babbar jif mai manyan tayoyi da ke aikin daji da gaske, ni a ganina wannan ne ya fi. Sai dai a san kuɗin da ake biya, ba na aljihu kaɗai ba. Mu ɗauka bambar da hannunta da tayar sun haɗa kilo 100, suna zaune mita 1.3 a bayan aksil na baya, a motar da tazarar ƙafafunta na gaba da na baya ta kai mita 2.8. Aksil na baya ba kilo 100 zai ji ba, kusan 146 zai ji, kuma kusan kilo 46 za su ragu daga kan ƙafafun gaba. Ma'ana bayan mota ya zauna, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta koma haska sama. Wanda ya sa irin wannan bamba bai ƙara ƙarfin sifirin na baya ba, rabin aiki ya yi. Kuma duk wannan nauyi daga cikin kason kayan da motar za ta iya ɗauka yake fita.

Masu waldarmu suna iya yin ta, na ga masu kyau ƙwarai. Amma ka tsaya a kan aikin. Ka ce masa, "Malam, da noti nake so a ɗaure ta a ramukan shasi, ba walda a jikin bodi ba." Wurin lilon ya kasance da boris na gaske irin na ƙafar mota, ba bututu a cikin bututu ba, wanda zai ci kansa cikin 'yan watanni ya fara ƙara. Ɗaya bakin hannun, in an rufe, ya hau kan wani matashi na ƙarfe da roba ya zauna, makullin ya ja shi ya matse, ta yadda nauyin zai rabu gida biyu. A yi masa kuma fil da zai riƙe shi in an buɗe. Lambar mota da fitilarta da fitilun birki su fito fili, in tayar ta rufe su a matsar da su, tun kafin jami'an kiyaye haɗurra su tuna maka.

Mai a-kori-kura yana da zaɓin da mai jif ba shi da shi, wato cikin bodin baya. A nan akwai bambanci babba tsakanin kwantar da ita da tsayar da ita. Taya mai tsayin santimita 78 in ta kwanta a bayan Hilux mai ƙofa huɗu, wanda tsawonsa bai wuce mita ɗaya da rabi da kaɗan ba, ta cinye wuri mai yawa, kuma abin da ke biyo baya kowa ya sani: za a jibga mata buhuna da jarkoki a kai, ranar da aka neme ta sai an sauke kaya duka a tsakiyar daji. In kuwa aka tsayar da ita a jingine da gefen bodi, dab da bayan kan mota, faɗinta kawai take ci, ƙasa da santimita 30. Haka yawancin Land Cruiser 79 da muke gani a wannan yanki suke ɗauke da tasu. Nauyin yana kusa da tsakiyar mota, bai yi sama sosai ba, laka ba ta kai gare ta, dutse ba ya dukanta, kuma mutum ɗaya zai iya mirgino ta zuwa bakin bodi ya sauke. A cikin duk wuraren nan, wannan ne kaɗai ya ci jarrabawa biyun da na ambata ba tare da wata babbar asara ba, in ban da ɗan wurin kaya.

Sharaɗi ɗaya ne: a yi mata mariƙi na ƙarfe, a ɗaure ta da noti ta ramukan rim. Ɗauri da yankakkiyar robar tsohon tub, wanda muka saba, yana riƙe ta a hanya mai kyau, amma ba ya riƙe kilo 35 ranar da mota ta faɗa rami da gudu ko ta kife, musamman in akwai mutane a baya.

Saman mota shi ne wurin da ya fi burge ido, kuma shi ne na ƙarshe a jerina. Littafin yawancin waɗannan motoci yana iyakance kayan rufi a tsakanin kilo 75 zuwa 100, kuma nauyin kariyar kanta, wato ƙarfen da ake ɗora kaya a kai, yana ciki. Wasu masu ƙera kariya ma suna cewa a rage kusan kashi ɗaya cikin uku in za a sauka daga kwalta. Kariyar ƙarfe da taya ɗaya sun kusa cinye kason, tun kafin a ɗora jarka ko tabarma. Sannan motar daji dama doguwa ce. Duk kilon da ka kai sama yana ƙara mata saurin kifewa lokacin da take ratsa gefen tudun yashi a karkace, ko ta kauce wa rami ba shiri. Mai hawa tsaunin Mambila daga Mayo Selbe zuwa Gembu, da kwanoninsa masu lanƙwasa, ya fi kowa bukatar kiyaye wannan. Gargada kuma tana tsaga ƙafafun kariya da bakin rufin da suka kama.

Sauko da ita ma aiki ne. Kusan buhun siminti ne za ka sauke daga tsayin mita biyu, mota na karkace, ƙarfe ya ɗau zafin rana. Kada a taɓa wurgo ta ƙasa. Taya mai cike da iska tana tsalle ta nufi inda ba wanda ya zata, ta fasa gilashi, ta karya ƙafar mutum, ko ta gangara kwari a bi ta da gudu. Da igiya ake zuro ta a hankali. Bayan an gama kuma ga fasasshiyar, cike da laka, tana jiran a mayar da ita sama. Idan dole ce ta sa, to safaya ta biyu ce za ta hau rufi, ba ta farko ba, a kwance, a kan sandunan da suka fi ƙarfi. Wasu ma robar kawai suke ɗorawa ba rim, don rage nauyi, amma wannan sai wanda ya iya cire taya da sa ta da ƙarafan hannu kuma yana da famfo mai ƙarfi.

Sauran wurare biyu ba sa bukatar dogon bayani. Kan bonet tsarin tsofaffin Land Rover ne, an yi bonet ɗinsu don haka, kuma ko a can yana tare ganin gaba wajen hawa tudu. Kada a kwaikwaya a motar zamani. Cikin mota bayan kujeru kuwa yana kare tayar daga rana da ɓarawo, amma in ba a ɗaure ta da ƙarfe a jikin daɓen mota ba, ranar haɗari kan fasinjoji za ta faɗa.

To wanne za a ɗauka? Mai Hilux da ke zuwa gona ko kasuwannin ƙauye, tayarsa girman kamfani ce, ya bar ta a ƙarƙashi ya riƙa kula da sarƙar, in damina ta kankama ya ciro ta ya tsayar a bodi har kaka. Mai a-kori-kura da aikinsa yashi ne ko taɓo kullum, ta farko a tsaye bayan kan mota, ta biyu a ƙarƙashi. Mai jif da safayarsa ke gambu, muddin bai ƙara girman taya ba, kada ya taɓa komai. Ya ƙara girma, ko tasa a ƙarƙashi take ta daina shiga, sai bamba mai hannu tare da gyaran sifirin.

Ɗaya ko biyu? Nisanka da mai faci ne zai faɗa maka. Wanda ke yawo a ƙauyukan Kano ko Katsina ko Maraɗi, da wuya ya yi tafiyar awa guda bai ga mai faci ba, safaya ɗaya mai lafiya da kayan toshe huji sun ishe shi. Wanda zai bar Agadez ya nufi Dirku ko Bilma, ɗaruruwan kilomita cikin hamadar Tenere babu gari, ko ya yi arewa daga Ngigmi, biyu ne mafi ƙaranci, domin da zarar ya sa ta farko ya zama marar safaya a wurin da ba a zama haka. A irin wannan tafiya akan rage iska zuwa 15 ko 18 a gejin masu faci don tayar ta baje a kan yashi, kuma taya mai ƙarancin iska kuiɓinta na bultsowa waje, ta fi saurin yankewa in aka fito kan duwatsu ba a ƙara iska ba. Shi ya sa famfon da ke aiki da batirin mota ya zama abokin safaya. Igiyar roba da ake cusawa a toshe hujin tubles tana aiki ne a kan zane kawai, ga hujin da bai wuce faɗin milimita 6 ba. Tsagewar kuiɓi ba ta toshuwa. Iyakar abin da za a iya yi shi ne a zura tub a ciki a lallaɓa a hankali zuwa gari.

Duk inda ka aje ta, in safayar ba irin sauran huɗun ba ce, wahalar banza ka ɗauko. Nan ne na fi ganin ana sakaci: mutum ya sayi manyan tayoyi huɗu, kuɗi ya ƙare, ya bar tsohuwar ƙaramar a matsayin safaya. Taya 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, 285/75R16 kuwa kusan 834. A kowace kilomita ƙaramar tana juyawa sau 410, babbar sau 382. Wannan bambanci na juyi kusan 28 a kowace kilomita haƙoran cikin aksil ne ke shanye shi, ba hutawa, har su ɗau zafi. A motar da ƙafafunta huɗu ke ja kullum, irin Prado da Land Cruiser 100 da 200, wahalar tana kaiwa har giyar tsakiya. A Hilux, wadda sai ka sa mata giyar jan ƙafa huɗu da kanka, in larura ta tilasta maka sa ƙaramar safaya, ka sa ta a gaba, ka bar motar a 2H, wato jan ƙafafun baya kawai, ka tafi a hankali, ko da hakan na nufin ɗaga mota sau biyu don mayar da tayar gaba baya. Lambar rim ba ita ce ma'auni ba, tsayin tayar gaba ɗaya ne: 265/70R16 da 265/65R17 tsayinsu kusan ɗaya ne, duk da rim ɗinsu ya bambanta.

Rim ɗin ma a gwada shi a jikin motar kafin a biya kuɗi, ko a Ƙofar Ruwa aka saya ko a Panteka. Hilux mai jan ƙafa huɗu noti shida gare ta, Land Cruiser 80 shida, amma 100 da 200 biyar, haka 70 tun daga 1999, sai 300 ta koma shida. Ko ramukan sun zo daidai, ramin tsakiya yana iya bambanta. Na Hilux mai noti shida ya kai milimita 106, na Mitsubishi L200 ta zamani kusan 67, don haka rim ɗinta ba zai shiga ƙafar Hilux ba. Ƙaramin rim kuma yana iya gugar birkin gaba a sababbin motoci. Notin rim na ƙarfe bai dace da na alminiyam na Toyota ba, mazauninsu daban ne, don haka wanda ya haɗa iri biyu ya tabbatar yana da notin da zai kama kowanne. In ana zaɓi, na ƙarfe ya fi dacewa da daji. Ya fi nauyi, amma in ya lanƙwashe ana buga shi da guduma ya riƙe iska, na alminiyam kuwa tsagewa yake yi. Rim mai zobe da tub, irin wanda wasu Land Cruiser 70 ke zuwa da shi, yana da daɗin gyara a daji da ƙarafa biyu, amma zoben nan yana kisa in bai zauna daidai ba aka hura iska. Ba a tsayawa a gabansa lokacin hurawa, kuma a kewaye shi da sarƙa.

Jak ɗin kamfani an yi shi ne don ƙasa mai tauri da mota mai tsayin kamfani. A yashi ko laka nutsewa yake yi, don haka katako mai kauri da faɗi ya zauna a motar dindindin. Wanda ya ɗaga motarsa ko ya ƙara girman taya ya gwada jak ɗin a gida, ya ga ko yana kaiwa. Dogon jak na ƙarfe mai hannu yana fitar da mota daga rami, amma sai motar na da ƙarfen da zai kama, ba ya tsayawa daram, kuma hannunsa na iya tashi ya daki haɓa. Don canza taya, jak mai mai a kan katako, a ƙarƙashin aksil, ya fi aminci. A ja birkin hannu, a sa giya, a sa waji a tayar da ke ɗaya kusurwar, a sassauta notuna tun mota na ƙasa, a tura safayar a kwance ƙarƙashin shasi har sai an ciro fasasshiyar sannan a musanya su, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A yashi, maimakon ɗaga mota sama sosai, a ɗaga kaɗan a yashe ƙasan tayar da shebur. Wajen sa babbar taya, kada a ɗauke ta da baya: a mirgino ta, a zura bakin shebur ko wil-sifana a ƙarƙashinta a ɗan ɗaga har ramuka su yi daidai. A ɗaure notuna ana tsallakawa, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓarin, ba a jere ba, a sake bin su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Saura shekaru. Taya tana tsufa ko ba ta taɓa taka ƙasa ba. A kuiɓinta, a ƙarshen jerin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kamfanin Michelin kuma yana cewa bayan shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, ta kai goma a cire ko da zanenta sabo ne. A zafin ƙasarmu ba na ba kowa shawarar ya jira goman. Motocin da ake shigowa da su na hannu sau da yawa safayarsu sa'ar motar ce, zane fes, roba kuwa ta bushe ta yi tsaga-tsaga, sai ta ɗau nauyi da zafi na awa ɗaya ta tarwatse. Hanyar da ta fi ita ce a sayi biyar iri ɗaya a rana ɗaya, a riƙa shigar da safayar cikin juyin tayoyi duk kilomita 10,000, ta yadda duka biyar za su ci tare, tsayinsu ya zama ɗaya, kuɗinka kuma bai bushe a rataye ba. A hura mata iska sama da ta sauran da kaɗan, domin kowace taya tana rage ɗaya ko biyu a geji duk wata, kuma rage iska a daji da tsinke ake yi, ƙarawa ce ke neman famfo.